Juji Biyu a Ƙofar Gidanmu

Ina farawa da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya bambanta ta, wata ya yi ta rairayi, wata laka, wata kuma ya sa mata ɗaci saboda hikimar da Shi kaɗai ya sani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Da bazarar bana aka binne taubashina, ɗan kawuna, wanda muka tashi tare. A hanyar dawowa daga maƙabarta muka bi ta gefen filin nan na gabas da gari, inda awaki ke taruwa suna lasar ƙasa. Sai na ji wani saurayi cikin masu rakiya yana ce wa abokinsa, wai tun da aka halicci duniya ba a taɓa yanke dawa a wurin nan ba. Na wuce abina. Wanda zai yi mini shaida shi ne muka baro a kwance. Amma na ci tuwon dawar wurin nan tun ban san hannun damana ba, kuma ni ne na mai da shi yadda yake yau.

A wancan zamani garinmu bai kai rabin yadda yake yanzu ba. Gidaje ne kaɗan tsakanin Ajingi da Toranke, dangar kara, rijiya ɗaya, da masallacin da sahu uku ke cika shi. Da asuba za ka ji tabarya tana amsa tabarya daga gida zuwa gida, zabi suna kuka a bayan danga, guga yana dukan ruwa. Yanzu ma ana daka, ana jan ruwa, amma gari ya cika, sauti ya hau kan sauti, ba ka iya cewa wannan turmin gidan wane ne. Abin da ya fi zauna mini a kunne daga ƙuruciya shi ne ƙarar fartanyar mahaifina. Fartanyar kowa in ta sauka a gona shiru take yi, don ƙasarsu rairayi ce, tana karɓar ƙarfe kamar gari. Tasa kuwa kuka take, ƙwal, ƙwal, kamar ana sassaƙa turmi, har daga bakin rijiya ana jiyo ta. Mata su ce, ga baƙon nan can ya fara faɗa da dutsensa. Baƙo suke ce masa har ya yi furfura a cikinsu, domin daga arewa ya zo, shi da mahaifiyata, ba su da kowa sai kawuna da ya riga su zuwa. Da ya nemi wurin noma, duk ƙasa mai kyau tana da masu ita, sai mai gari ya nuna masa filin da ba wanda yake so. Ita kaɗai ce gonarmu. Ba mu da ta biyu da za mu koma in ta ƙi, kuma kowa a gidan ya san ranar da ta ƙi, ranar gidan zai watse.

Wanda bai noma irin wannan ƙasa ba ba zai gane ta da labari ba. Laka ce mai nauyi. Da rani takan bushe ta yi tauri, samanta ya yi fari kamar an barbaɗa gari, in ka ɗora a harshe ka ji ɗacin kanwa. Da damina kuma sai ta zama wata aba dabam: santsi kamar sabulu, ta kama ƙafa ta ƙi saki, ruwa ya kwanta a kanta kwana da kwanaki, fari-fari kamar an dama koko, ba ya shiga ba ya tacewa. Amma in ka tona, ba ka kai tsawon yatsa ba za ka tarar da ita busasshiya ƙamas. Iri ya tsiro ya tarar da ɓawo a kansa, ya kasa fasawa, ya lanƙwashe ya mutu a ciki. Wanda ya samu ya fito, bakin ganyensa ya ƙone kamar an kai masa wuta. Haka filin yake gaba ɗaya lokacin da aka ba mahaifina. Kafin in yi wayo ya ture farin nan kaɗan kaɗan, shekara bayan shekara, har ya rage wuri guda a tsakiya wanda bai fi faɗin masussuka ba. Sauran duk dawa ce, baƙa ƙirin don ƙarfi, in ta yi kai mai doki ba ya hango wanda ke ciki.

Yana da wasu halaye a gonar nan waɗanda ba kowa ke da su ba. Ba ya sa mata fartanya tana jiƙe, ko da kowa ya fita noma. Sai ya jira ta sha iska, ya dunƙula ta a hannu ya ga ta marmashe. Kunyoyin gonarsa sun fi na kowa tsayi, kuma ba ya shuka a samansu, a kafaɗa yake shukawa. Da rani yakan bar Fulani su kwana da shanu a gefen tudu, amma da an yi yayyafin farko ya sallame su. Yana yawan tsugunawa ya ɗebi ƙasa ya taɓa a harshe. Akwai magudana da ya haƙa tun daga farin wurin har zuwa kwari inda bagaruwa take, kowace bazara shi kaɗai yake yashe ta, ya bar ruwan farko ya gudu ya bar gonar, ruwan da kowa ke roƙon Allah ya zauna masa. Sannan akwai juji. A kowane gida juji ɗaya ne, shara da kashin dabbobi da tokar murhu duk a haɗe, da rani a kwashe a kai gona. A ƙofar gidanmu biyu ne. Ɗaya na kashin awaki da ƙaiƙayi da ruɓaɓɓen kara da ganyen tsamiya, shi ake kaiwa gona. Ɗaya na toka zalla, wanda maƙwabta ke zuwa su kwashe kyauta suna yi mana dariya. Ko ƙwayar toka ba ta shiga gonarmu.

Bai taɓa faɗa mini dalilin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ni ne ɗan fari, kuma mutanen da suna riƙe alkunyar ɗan fari da ƙarfi, ba kamar yanzu ba da za ka ga uba yana hira da babban ɗansa a zaure har da tafawa. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Mahaifina in yana son in yi abu, ƙanena yake kallo ya ce, "Ka ce wa yayanka ya kawo igiya," alhali ina tsaye kusa da shi. Ba ƙiyayya ba ce. Na san da ni yake in ya ajiye ƙirjin zabo a gefen akushi ya tashi. Amma magana ba ta shiga tsakaninmu, kuma da na kai shekarun da zan riƙe fartanya sosai sai ya tura ni Gaya karatu, ya bar ƙanena a gona.

Mutanen gari suna da nasu bayanin. Sun ce wurin na mutanen ɓoye ne, baƙon nan ya san yadda yake zama da su. Sun ce magudanar hanyarsu ce, yana share musu ita don su fita su ba shi wuri. Sun ce aljanun wurin ba sa son toka, shi ya sa yake ware ta, kuma ɗanɗanar ƙasar da yake yi gaisuwa ce. Ina yaro wannan magana ba ta dame ni ba. Amma na yi shekaru a Gaya gaban malami mai tsananin ƙyamar camfi, Allah ya jiƙansa, na karanta abin da na karanta, na dawo da rawani da gafaka da zuciya mai zafi. Aka yi mini aure. Aka fara ba ni limanci in liman ya yi tafiya. Sai wata rana na ji wani dattijo a bakin masallaci yana cewa, cikin raha, "Ɗan yana kore su da alƙalami, uban yana share musu hanya." Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

A kakar shekarar ciwon ƙirji ya kwantar da mahaifina. Aikin gandu ya dawo hannuna, tun da ni ne babba. Na ƙudura cewa kafin ya tashi zan wanke sunansa. Na ga yadda toka ke tayar da gero a gonakin rairayi na bayan Gaya, na gani da idona. Na ce a raina, zan cika farin wurin nan da toka, in toshe magudanar, ruwa ya zauna, dawa ta fito a inda ba ta taɓa fitowa ba, kowa ya ga babu komai a wurin sai ƙasar Allah. Na riƙa hango ranar da zan kawo masa damin farko daga tsakiyar gonar in ajiye a ƙofar ɗakinsa ba tare da na ce komai ba.

Na fara da haɗe jujin nan biyu. Ƙanena, wanda a lokacin yana da mata da 'ya'ya biyu, ya fito ya tarar da ni ina yi.

Ya ce, "Yaya, Baba bai taɓa kai toka can ba."

Na ce, "Ya taɓa faɗa maka dalili?"

"A'a."

"To abin da ba shi da dalili, camfi ne."

Ya ce, "Ni dai ban san camfi ba. Na san wata rana na gasa gyaɗa a gonar, ya sa na kwashe tokar da hannuna, har da ƙasar da ke ƙarƙashinta."

Na ce masa shi gona ya sani, ni kuwa na san abin da ya halatta da abin da ya haramta. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ɗauki kwando. A zamaninmu ƙane ba ya ja da wa sau biyu.

Tokar gidanmu ba ta ishe ni ba. Na nemi taubashina da jakunansa, muka bi gari gida gida, muka je wurin mata masu gasa tukwane, muka je har Gafasa inda aka ƙone wata saura. Shi kuwa bakinsa ba ya hutawa.

"Alaramma, yau kuma wace aya ce ta ce a ɗora wa jakina toka?"

"Kai dai ja jakinka. Jahili bin malami yake yi."

"To ai ni da jakin duk ɗalibanka ne. Sai dai ya fi ni ƙoƙari, shi a bayansa yake ɗaukar karatun. Dubi yadda ka koma, fari fat. In mutanen ɓoyen suka gan ka, ca za su yi ɗan'uwansu ne ya zo gaisuwa."

Muka yi ta dariya, toka tana shiga mana hanci. Ina tuna dariyar nan har yau, ina jin kamar in koma in riƙe wuyan jakin.

Mahaifiyata ta ga komai. Wata rana da hantsi tana sheƙar dawa a tsakar gida, ina wucewa da mangala, ta ce wa matata, ba ta ko dubi inda nake ba, "Ki gaya wa mijinki, mai gidan nan yana da rai." Na ji ta sarai. Kullum da safe ina tsugunawa a ƙofar ɗakinsa in gaishe shi, ya amsa cikin tari, in tashi. Taku biyu ne tsakanina da gadonsa. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa alkunya ce ta hana ni tambayarsa, ko kuma don kada in tayar wa mara lafiya hankali. Ba haka ba ne. Tsoro nake ji kada in tambaye shi ya ce mini abin da mutane ke faɗa gaskiya ne, in rasa inda zan sa kaina tsakanin mahaifina da abin da na karanta.

Da bazara ta matso na kira mutane, da rana tsaka, na yi bisimilla da ƙarfi na cike magudanar tun daga sama har ƙasa, na tattake. Wasu suka ja da baya. Wasu suka ce lallai yaron nan ya yi karatu.

Ruwan farko ya zo mai yawa. Da safe na je na tarar gonar ta zama tafki, na yi hamdala, na ce ga ruwa ya zauna. Kwana uku yana nan. Sai na lura ba fari ba ne irin na da, baƙi-baƙi ne, kamar ruwan da aka tace daga toka, kuma ya tashi daga tsakiya ya malale ya rufe fiye da rabin gonar, har inda dawa ta fi yin kyau. Ban jira ya bushe ba. Kowa ya fita shuka, ni ma na ce mu fita. Muka nome ta a jiƙe, laka tana manne wa fartanya, muna cirewa da hannu. Muka shuka a saman kunyoyi kamar yadda na gani a Gaya. Da rana ta buɗe, ƙasar ta haɗe ta zama kamar daɓen ɗaki. Muka jira tsiro. Na tsuguna na ɓalle ɓawon da wuƙa, na tarar da su a ciki, farare, a lanƙwashe, sun mutu suna neman hanya. Muka sake shuka. Muka sake ta uku da irin da mahaifiyata ta ɓoye a tulu. Duk inda baƙin ruwan nan ya kwanta, in ya janye sai ya bar fari a baya, da baƙin zobe a gefensa. Wurin da bai fi masussuka ba ya haɗiye gonar, ya bar mana ɗan siririn gefe a wajen tudu.

Duk daminar mahaifina yana kwance, zazzaɓi yana ɗaukarsa yana ajiyewa, mutanen gida suna ɓoye masa. Wajen ƙarshenta, lokacin da geron mutane ya fara nuna, ya ɗan sami ƙarfi ya fito bakin ƙofa. Muna zaune ni da ƙanena. Ya dubi ƙanena ya ce, "Bana ban ji fartanya ta yi kuka ba. A jiƙe kuka nome ta?" Sai mahaifina ya juya. Ya dubi ƙofar gida inda juji yake. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a kawo jaki.

Taubashina ne ya ja jakin, ranar bai yi wasa ko ɗaya ba. Bayan la'asar muka isa. Muka sauke shi, ya tsaya da sanda. Ya bi gonar da ido tun daga tudu har kwari, ya nemi magudanarsa bai gan ta ba. Ya tsuguna da ƙyar ya ɗebi ƙasa ya taɓa a harshe, ya tofar. Ya ce wa ƙanena da taubashina su koma gindin bagaruwa su jira. Sannan ya juyo ya dube ni a ido, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya ce, "Zauna."

Na zauna a kan busasshiyar lakar.

Ya ce, "Me ka zuba mata?"

Na ce, "Toka, Baba."

"Da yawa?"

"Duk ranin muka yi muna kawowa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "In kanwa ta ƙare wa mahaifiyarka, da me take miya?"

Na ce, "Da ruwan toka."

Ban rufe baki ba na gane. Ya ci gaba, a hankali, yana hutawa saboda tari. Ya ce ciwon ƙasar nan kanwa ce, tana cikinta tun asali, rana tana jawo ta sama. Toka magani ce ga rairayi, amma a nan ƙarin ciwo ce. Ruwan farko shi ke narkar da farin da rani ya tara, dole a ba shi hanya ya fita da shi, in ba haka ba ya raba shi ga duk gonar. Kashin dabbobi da ƙaiƙayi da ruɓaɓɓen kara su ke buɗe lakar ruwa ya sami wurin shiga ya wanke ta ta ƙasa. In aka taka ta ko aka nome ta a jiƙe, ƙofofin nan rufewa suke. Farin yana hawa ya taru a saman kunya, shi ya sa ake shuka a kafaɗa. Harshe kuma shi ne ma'auninsa, da shi yake sanin inda ɗaci ya ragu. Abin da ya ɗauke shi rabin rayuwa yana koya ta hanyar asara, ya faɗa mini shi kafin rana ta yi ja. Babu aljani ko ɗaya a ciki.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa wa mutane ba? Ka san abin da suke cewa."

Ya ce, "Wa ya tambaye ni? Kuma tun da suna tsoron wurin, ba mai sakar mini awaki." Har ya ɗan yi murmushi. Sai ya ce, "Kai fa? Me ya hana ka tambaya?"

Da na yi masa ƙarya, da ya fi mana sauƙi mu duka. Amma na ce, "Tsoro na ji kada ka ce gaskiya suke faɗa."

Yana ta murza ɗan ɓawon ƙasa a tsakanin yatsunsa. Can ya ce, "Ashe duk shekarun nan kana salla kusa da ni kana zargina."

Na kifa kaina a gwiwa, ni da rawanina, na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Ya bar ni na yi. Sannan na ji hannunsa a kafaɗata, mara nauyi kamar kara. Ya ce, "Ni ma da nawa laifin. Na tura ka wurin wani ya koya maka, nawa karatun na bar shi a cikina. Tashi. Gobe ka buɗe magudanar. Abin da ka zuba a rani ɗaya ba zai fita a damina goma ba. Ni ba zan gani ba, amma tana jin magani."

Wannan ita ce hirar da muka yi da mahaifina, ta farko kuma ta ƙarshe. Ya rasu kafin ruwa ya sake sauka. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe mini abin da na ɗora masa a zuciyata.

Abin da muka yanke a gefen tudu bai kai mu tsakiyar rani ba. Kawuna ya taimaka da abin da zai iya, shi ma yana da nasa bakunan. Da aka ji wasu mutane za su tafi kudu saran daji inda ƙasa ba ta da mai ita, ƙanena ya zo ya tsuguna a gabana ya ce, "Yaya, gonar ba za ta ɗauke mu duka ba. Kai ka zauna, kai ya faɗa wa yadda ake yi." Bai ɗaga murya ba, bai ambaci toka ba, ko a ranar ko kafin ta. Mahaifiyata ta ce za ta bi shi saboda yara ƙanana. Da safe suka tafi, tana ɗauke da ƙwarya a ka, jikanta a baya. Na raka su har bayan gari. Da za mu rabu ta tsaya ta gyara goyonta, ta ce wa matata ta riƙa rufe rumbu da kyau, ta wuce.

Na buɗe magudanar. Na kankare tokar da zan iya kankarewa na kwashe a kai. Na bi Fulani ina roƙon kashin shanu, na tara ƙaiƙayin da mutane ke zubarwa, na jira ƙasa ta sha iska yayin da kowa ke shuka. Shekarun farko rinin zane da rubutun allo suka ciyar da mu, gonar ba ta ba da komai sai ciyawa. Na koyi murna da ciyawa. Samarin yanzu ba za su gane wannan ba. Su gonar rairayi suke so, a shuka gyaɗa da auduga bana a sayar wa fatake bana, kuma ban ga laifinsu ba. 'Ya'yana ma da ƙarfina ya ƙare can suka koma. Amma ni na ga ranar da dawa ta sake yin kai a gefen gabas, bayan furfura ta fara fito mini. Ba ta kai ta mahaifina ba, kuma tsakiyar ba ta taɓa dawowa ba.

A shekarar na zaɓi kawunan dawa mafi kyau na ɗaure su a tsumma, na ba wani bafatake da ke bi ta wajen da suka sauka, na ce ya kai wa mahaifiyata, ya ce mata daga gonar ne. Sai da rani ya zagayo ya dawo. Ya same ni a zaure ya zauna, ya daɗe yana gaisuwa, na san akwai magana. Ya ce tsohuwa ta rasu damina biyu kafin ya isa. Ya ce ƙanena ne ya karɓi ƙullin. Ya kwance, ya murje kai ɗaya a tafin hannu, ya hure, ya zuba a baki yana taunawa, hawaye suna sauka a gemunsa. Ya tambaya daga wane gefe ne, aka ce masa gabas.

Na ce, "Bai ce zai zo ba?"

Bafataken ya ce, "Bai ce ba, Malam. Ya dai ce in gaya wa yayansa, gefen gabas akwai wani ɗan kwari kusa da gidan tururuwa inda ruwa ke maƙalewa. Ya ce ka fasa masa hanya tun kafin bazara, Baba kullum sai ya manta da shi."

Na je na duba. Kwarin yana nan inda ya ce. Na fasa masa hanya.

Ban sake jin labarin ƙanena ba. Allah ya sada mu inda ba a rabuwa.